Mai Mafarkin Kyarketai da Jinyar da Ta Ƙi Ƙarewa

A watan Fabrairun 1910 wani saurayi ɗan ƙasar Rasha mai shekara 23 ya hau matakalar gida mai lamba 19 a titin Berggasse da ke birnin Vienna. Sunansa Sergei Pankejeff. Likitansa na gida, Leonid Drosnes, shi ya rako shi tun daga Odessa, ga kuma hadimi da ke ɗawainiya da shi. Ɗan masu hannu da shuni ne, gidan manyan gonaki da garkunan tumaki. Wanda suka zo gani kuwa shi ne Sigmund Freud, likitan da ya fito da wata sabuwar hanyar magance damuwar rai: ba allura, ba ƙwaya, sai magana.

Dukiya ba ta hana gidan su Sergei baƙin ciki ba. Mahaifiyarsa kullum cikin ciwo take, mahaifinsa kuma mai fama da matsananciyar damuwa ne, lokaci-lokaci sai an kwantar da shi. A 1906 yayarsa Anna, wadda suka tashi tare su biyu kaɗai, ta sha guba ta mutu. Ba a jima ba mahaifin ya bi ta, ana kyautata zaton maganin barci ya sha fiye da ƙima. Shi kansa Sergei tun yana ɗan shekara 18 ya rasa sukuni. Karatu ya gagara, yanke shawara kan ƙaramin abu ya gagara, har bayan gida ba ya iya yi sai an ɗura masa ruwa. An kai shi wurin likita Bekhterev a St. Petersburg, an kai shi wurin Kraepelin a Munich, wanda a lokacin babu kamarsa a fannin ƙwaƙwalwa a Jamus. Duk ba a dace ba. Abin da ya samo a Munich shi ne soyayyar wata ma'aikaciyar jinya mai suna Therese, bazawara mai 'ya ɗaya, wadda danginsa suka ce sam ba sa'ar aurensa ba ce. Ya kasa aurenta, ya kasa rabuwa da ita.

A ɗakin Freud akwai doguwar kujera da aka lulluɓe da darduma, da matasan kai. Majinyaci zai kwanta, likita ya zauna ta wajen kansa inda ba za su haɗa ido ba, taba sigari a hannu, kewaye da ƙananan gumakan Masar da Girka da yake tarawa. Doka ɗaya ce: duk abin da ya faɗo maka a rai ka faɗe shi, ko na kunya ne, ko na shirme. Awa ɗaya, kusan kullum ban da Lahadi. Freud ya kuma ce wa saurayin ya dakata da maganar Therese tukuna, sai jinya ta yi nisa.

Haka aka ɗauki shekara ɗaya, biyu, uku. Freud da kansa ya rubuta daga baya cewa shekarun farko kusan babu abin da suka canza. Saurayin mai ladabi ne, mai kaifin basira. Zai saurara, ya gane, ya gyaɗa kai, gobe ya dawo yadda yake jiya. Zaman ya yi masa daɗi. Ga kuɗin biya, ga birni mai kyau, ga dattijo mai ilimi da ke ba shi kunnensa kowace rana, shi da ya rasa uba. Me zai sa ya yi gaggawar warkewa, alhali warkewar ita za ta raba shi da wannan duka? A nan Freud ya ga haɗarin da ke cikin sana'ar tasa: jinya tana iya zama mafakar da mutum zai ɓuya a ciki don kada ya fuskanci rayuwa.

Sai ya yi abin da bai saba yi ba. A farkon wata shekarar aiki ya shaida wa Sergei cewa wannan ce ta ƙarshe, ko an warke ko ba a warke ba. Da farko saurayin bai yarda ba. Da ya tabbatar dattijon ba wasa yake yi ba, sai bakinsa ya buɗe. Abubuwan da aka yi shekaru ana nema suka riƙa fitowa cikin watanni kaɗan.

A tsakiyarsu akwai wani mafarki da ya yi yana gab da cika shekara huɗu. Dare ne, lokacin sanyi, yana kwance a gadonsa, sai tagar ɗakin ta buɗe da kanta. A kan babbar bishiyar da ke gaban tagar ga fararen kyarketai shida ko bakwai a zaune kan rassa, jelarsu buzu-buzu, kunnuwa a miƙe. Ba sa motsi. Kallonsa kawai suke yi. Ya ƙwalla ihu ya farka, mai renonsa ta rugo, aka daɗe ana rarrashi kafin ya yarda mafarki ne. Ya zana wa Freud hoton da hannunsa, sai dai a zanen kyarketai biyar ne.

Freud ya bi mafarkin zare-zare, ya ƙulla shi da tatsuniyoyin da aka yi wa yaron, da fararen tumakin mahaifinsa, har ya kai ga wani hukunci: wai yaron yana da shekara ɗaya da rabi ya farka a ɗakin iyayensa ya gan su cikin sha'anin aure, wannan gani ne ya zauna masa a rai ya zama tushen ciwon. Sergei bai tuna da faruwar haka ba. Freud ya ce masa tunawar tana iya zuwa daga baya.

An kammala a damunar 1914, a daidai kwanakin da aka harbe yariman Austriya, Franz Ferdinand, a Sarajevo, kisan da ya kunna wutar yaƙin duniya na ɗaya. Freud yana ganin kyautar ban kwana daga majinyaci tana rage masa nauyin jin cewa ana bin sa bashin alheri, don haka Sergei ya kawo masa ɗan mutum-mutumin wata mace na tsohuwar Masar. Freud ya ga Therese, ya yaba da ita, ya sa albarka. Sergei ya koma Odessa ya aure ta, ya kuma kammala karatun lauya. A 1918 Freud ya wallafa labarin jinyar ba tare da bayyana sunan mai ita ba, kuma tun daga nan duniya ta san shi da laƙabin Mutumin Kyarketai. Rubutun ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan fanni, hujjar da ake nuna wa masu shakka cewa magana tana warkarwa.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Juyin juya halin Rasha na 1917 ya fara cinye dukiyar gidansu. A 1919 Sergei ya iso Vienna, Freud ya dube shi ya ce akwai sauran abin da bai warware ba, ya sake kwantar da shi a kujerar nan na kimanin wata huɗu, daga ƙarshen 1919 zuwa Fabrairun 1920, wannan karon kyauta. Har ya tsufa Sergei yana cewa a wannan lokacin ya so komawa Odessa ya ceto abin da ya rage na dukiyarsa, Freud ya ce ya tsaya. Kafin a gama, 'yan Bolshebik masu juyin juya halin sun karɓe birnin. Ɗan attajiri ya wayi gari ba shi da ko sisi, ba shi da ƙasa. Ya samu ƙaramin aiki a wani kamfanin inshora, Freud kuma ya riƙa bin abokan aikinsa yana tara masa gudummawa duk shekara har tsawon shekara shida. Alheri ne, babu shakka. Amma daga nan likita ya zama mai ciyarwa, igiyar da ake son kwancewa ta ƙara kauri.

A 1923 aka yi wa Freud aikin ciwon daji a muƙamuƙi. Sergei ya gan shi a rame, hankalinsa ya tashi. Ba da daɗewa ba wani sabon abu ya kama shi: hancinsa. Ya tsaya kai da fata cewa wani likitan fata ya ɓata masa hanci, ya bar masa tabo da rami. Kowa ya duba bai ga komai ba. Shi kuwa ya sa ɗan madubi a aljihu, yana tafiya a titi sai ya tsaya ya zaro ya duba, ya shafa hoda, ya mayar, bai yi taku goma ba ya sake zarowa. A watan Oktoban 1926 Freud ya tura shi wurin ɗalibarsa, Ba'amurkiya Ruth Mack Brunswick. Ta yi wata huɗu zuwa biyar da shi, ruɗanin hancin ya lafa. Abin da ta rubuta a 1928 shi ne wannan ba sabon ciwo ba ne, ragowar shaƙuwarsa da Freud ce da ba a warware ba. Wato jinyar farko ce ta bar abin da ake jinya a karo na uku.

Duk uwar da ta taɓa yaye ta san wannan. Ana sa rana, a kai yaro gidan kaka, ya yi kukan kwana biyu ko uku, ya haƙura ya kama kunu. Wadda tausayi ya sa ta koma ta ba shi nono a dare na biyu ta ƙara wa kanta da shi wahala, domin ya gane cewa ranar ba rana ba ce. Freud ya san haka sarai. A 1937, yana da shekara 81, ya wallafa maƙala a kan ko irin wannan jinya tana da ƙarshe, kuma a farkonta ya kawo labarin Sergei. Ya amsa cewa ya yi kuskure da ya ɗauka warkewar 1914 ta dindindin ce. Ya ce sa wa'adi yana aiki idan an dace da lokaci, amma da zarar an sa ba a ɗaga shi, in ba haka ba majinyaci ba zai ƙara gaskata likita ba. Ya kuma faɗi ma'aunin sallama: mutum ya daina shan wahalar alamomin ciwonsa, tsoro ya daina ɗaure shi, likita kuma ya gamsu cewa abin ba zai dawo ba. Sharaɗi na ƙarshen nan ne nake ganin matsala a cikinsa. Wane ɗan Adam ne zai iya ba da tabbacin baƙin ciki ba zai dawo wa wani ba? In wannan ake jira, babu wanda za a sallama har abada.

Baƙin cikin kuwa ya dawo, ta ƙofar da babu ruwanta da mafarkin yarinta. A watan Maris na 1938 sojojin Hitler suka shiga Austriya. A ranar 31 ga watan Sergei ya dawo daga aiki ya tarar Therese ta buɗe iskar gas a ɗakin girki ta kashe kanta. Wata Ba'amurkiya, Muriel Gardiner, ta yi ta fafutukar samo masa takardu har ya bi Brunswick zuwa Faris da Landan, aka yi makonni ana zama da shi. Wannan komawa ba abin zargi ba ce. Mutumin da ya rasa yaya, ya rasa uba, ya rasa mata ta hanya iri ɗaya yana da haƙƙin neman wanda zai saurare shi. Freud ya bar Vienna a watan Yuni na shekarar, ya rasu a Landan a watan Satumban 1939.

A nan Najeriya, mutumin Dosara ko Bakura zai iya cewa: mu da likitan ma muke nema ido rufe, ina ruwanmu da wanda likitoci suka yi wa yawa? Tambayar tana kan hanya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Daga Talata Mafara zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 100 ce, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Buƙatar kuma ga ta a fili. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Agusta aka shiga kwalejin noma ta Bakura, a ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. Waɗanda suka dawo an yi musu barka da arziki, amma barka ba ta hana firgita cikin dare. Akwai zawarawa da marayu da iyayen da suka sayar da gona suka biya fansa, kowa da abin da yake haɗiyewa.

Sai dai mu ma muna da namu jinyar da ba a sa mata rana. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da maza da yara sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka sake ganin irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu don a gyara musu hali ko a raba su da shaye-shaye, suna biyan kuɗi, wasu har shekaru. Ba na haɗa kujerar Freud da sarƙa. Tazarar da ke tsakaninsu ta zalunci ce da rashinsa. Amma gurbi ɗaya ne aka bari a buɗe a wuraren biyu. Ba a faɗi tun ranar farko mece ce alamar sauƙi ba, ba a faɗi yaushe za a zauna a duba ba, kuma wanda ake biya shi kaɗai ke da ikon cewa an gama. Ko a wurin mai ruƙiyya ne, ko mai maganin gargajiya, ko ofishin mai ba da shawara, dangin mara lafiya suna jin nauyin tambayar "yaushe za a sallame shi?", kamar tambayar rashin kunya ce ko rashin tawakkali. Ba ko ɗaya ba ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa majinyaci yana da bakin magana a kan yadda za a yi masa jinya.

Masu bincike da suka zo bayan Freud sun auna abin. A 1986 Kenneth Howard da abokan aikinsa a Amurka suka tattara bayanan majinyata sama da 2,400, suka ga kusan rabi sun samu sauƙi a zama na takwas, kimanin kashi 75 cikin 100 a zama na 26, daga nan amfanin kowane ƙarin zama sai raguwa yake yi. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, zama shida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin zama biyar da ma'aikacin da ba likita ba zai iya gudanarwa, kuma irin wannan ne zai iya isa ƙauyukanmu. Wannan ba ya nufin kowa zai warke a mako shida. Akwai raunin da ke buƙatar shekaru, akwai kuma cututtukan da ƙwayarsu ba a ajiye ta sai da izinin likita. Wanda ya ji sauƙi ya watsar da maganin taɓin hankali ko na farfaɗiya da kansa yana jefa ransa cikin haɗari. Abin da nake nufi shi ne doguwar jinya tana buƙatar dalili, a faɗe shi a fili, a riƙa sabunta shi. Idan mutum ya koma gona ko kasuwa, yana barci, yana iya yanke shawarar gidansa ba sai ya jira ranar ganin likita ba, lokacin maganar sallama ya yi. Idan kuma an yi watanni babu abin da ya motsa, lokacin sauya hanya ya yi.

Sergei bai samu wanda ya yi wannan zama da shi ba. Ya yi ritaya daga kamfanin inshora a 1950, mahaifiyarsa da ke zaune tare da shi ta rasu a 1953. Mabiya Freud suka ci gaba da kewaye shi. Kurt Eissler, mai kula da taskar takardun Freud a Amurka, yakan zo Vienna da damuna ya yi ta zama da shi. Wani likita a birnin yana ganinsa a kai a kai. Ana aiko masa da kuɗi duk wata. Shi kuma, da yake ya iya zane, ya riƙa zana bishiyar nan da fararen kyarketai, likitoci suna saye. A 1971 Gardiner ta fitar da littafin tarihin rayuwarsa, 'yar Freud, Anna, ta rubuta gabatarwa. Ba na zargin waɗannan mutane da mugunta. Sun so shi, sun taimake shi a lokacin da ba shi da kowa. Amma suna da buƙata a wurinsa: shi ne shaidar da ke raye cewa malaminsu ya yi gaskiya. Mutumin da abincinsa da sunansa da abokan hirarsa duk suka rataya a kan zamansa majinyaci, da wane ƙarfin zai ce ya gode, ya isa haka?

A farkon shekarun 1970 wata matashiyar 'yar jarida a Vienna, Karin Obholzer, ta bi diddigi har ta gano ko wane ne Mutumin Kyarketai da inda yake zaune. Ta tarar da tsoho mai shekara sama da 85, tsaf-tsaf da shi, hankalinsa garau. Masu kula da shi ba su so hulɗar ba. Shi kuwa ya yarda su yi hira tana naɗa, bisa sharaɗin kada a buga sai bayan ransa. Ita ba likita ba ce, ba ta da abin karewa, sai ta yi masa tambayoyin da aka yi shekara 60 ba a yi masa ba.

Ya ce mata fassarar mafarkin nan an jawo ta ne daga nesa. A gidaje irin nasu a Rasha yara a ɗakin mai reno suke kwana, ba a ɗakin iyaye ba, kuma tunawar da aka ce za ta zo ba ta taɓa zuwa ba. Ya ce ana nuna shi a matsayin wanda aka warkar, alhali shi a ganinsa yana nan yadda ya zo. Har a lokacin yana cikin rikici da wata mata da ya kasa aura ya kuma kasa bari, yana bin likitoci ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da zai yi, kowa da amsarsa. Ya koka da cewa irin wannan jinya tana saba wa mutum da jingina da wani. Duk da haka bai zagi Freud ba. Ya kira shi mai baiwa, ya ce ya same shi a matsayin uba a lokacin da yake neman uba, kuma shi ne ya buɗe masa hanyar auren Therese, wadda suka yi sama da shekara 20 tare.

A 1977 ciwon zuciya ya kayar da shi, aka kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa na birnin Vienna. A can ya rasu ranar 7 ga Mayun 1979, yana da shekara 92, shekara 69 bayan zuwansa na farko wurin Freud. Littafin Obholzer ya fito da Jamusanci a 1980, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1982, kuma tun daga lokacin masu nazarin aikin Freud suke ajiye bayanin likitan da na majinyacin gefe da gefe.